Naira 300, benci ɗaya, da shari'ar Ten Hag

Wani abokin sana'ata ta gyaran waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ya tare a unguwarmu, ya tambaye ni inda zai riƙa kallon ƙwallo. Na fara ba shi amsa a bakin shago, mai karɓar waya ya katse mu. Na sake ɗauko zancen, wani ya kawo wayar da ta faɗa cikin miya. Shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta, shi ya karanta, wasu ma su ƙaru.

Tsakanin gidana da bakin titi gidajen kallo uku ne. Ɗaya nake zuwa shekara huɗu ke nan, kuma shi zan ɗora a sikeli. Ba zan kama sunansa ba, don a cikin maganata akwai wadda ba za ta yi wa mai gidan daɗi ba, ga shi sahu ɗaya muke tsayawa da asuba.

Ni ɗan Man U ne, na faɗa tun da wuri kada a ce na ɓoye. Tun ina yaro na shiga, na kuma kafe a daren 2008 da John Terry ya zame a Mosko. Wannan ya shafi awon da zan yi, domin ranar da ƙungiyarka take cin wasa kowane gidan kallo mai daɗi ne, ko a tsaye kake a rana ba ka jin komai. Sai ranar da ake jibgarka kake sanin cewa benci yana da ƙusa, fanka ba ta juyawa, na kusa da kai kuma bakinsa ba linzami. Ni kuwa a kakar 2024 zuwa 2025 na san kowace ƙusa ta gidan nan, musamman a watanni biyun ƙarshe na kocinmu Erik ten Hag, wanda a wurinmu ba a kiransa da komai sai Mai Sanƙo.

Ginin ba wani abin a zo a gani ba ne. Bulo ne zuwa ƙugu, daga nan kwano har sama. Rabin gaba an yi masa daɓe, rabin baya ƙasa ce, in aka ci ƙwallo ƙura ta tashi sai ka rufe hanci. Benci 14 na ƙirga, kowanne an yi shi don mutum shida amma ranar babban wasa yana ɗaukar tara. Talabijin biyu manya a gaba, da majigi da ba a kunnawa sai da dare. Fanka uku a sama, ta tsakiya ta mutu tun bara, an bar ta tana kallo tare da mu. A waje akwai allo da ake rubuta wasannin rana da alli, kuma yaron da ke rubutun bai taɓa rubuta Tottenham iri ɗaya sau biyu ba. Kuɗin shiga naira 200 ne a ƙaramin wasa, 300 in babba ne ko na dare. Za a ba ka ɗan guntun kwali mai hatimi, ka adana shi, don da shi za ka dawo bayan hutun rabin lokaci. Mai babur zai ba da 50 a ba shi lamba, kuma tsakani da Allah ban taɓa jin an ɗauke wa wani babur a nan ba.

Hoto yana da kyau, ba na musu. Tasa a kafe take sosai, sai hadari ya haɗu da gaske kafin hoton ya fara yayyagewa. Matsalar sauti ce. Sifika ɗaya ce, don haka wasa ɗaya ake jin sharhinsa, ɗayan kuma kallon kurame ake yi. Dokar mai gidan ita ce wanda ya fi jama'a shi ke da sauti, kuma a wannan kakar sau da dama 'yan Chelsea da 'yan Arsenal sun ƙwace mana, saboda namu sun fara zama a gida. Sai wata masifa da ba laifinsa ba: gidan kallon da ke bayan katanga hotonsu yana riga namu da kamar daƙiƙa uku. Kana zaune ana shirin buga kwana sai ka ji ihu daga can, ka san aikin gama ya gama. Ban san wani azabtarwa da ya kai ka kalli ƙwallon da ka riga ka san za ta shiga ragarka ba.

Shawara ɗaya daga mai gyaran waya, kyauta: kada ka jona wayarka a soket ɗin da ke jikin bango in a kan inji ake. Wayoyi uku daga gidan nan sun zo teburina da wurin caji a ƙone.

Amma ba hoto ne ya riƙe ni a nan ba. Benci biyun gaba ta hagu ne, inda muke kira kotu. Ba a rubuta sunan kowa ba, amma baƙo in ya zauna zai ji a jikinsa cewa ya taka wurin wasu. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, da kowa ke ce wa Baba; shi tun a rediyo ya fara bin Man U. Akwai wani tela, namu ne shi ma, amma ban taɓa ganin mai son abu da zafin rai irinsa ba. Akwai direban adaidaita ɗan Arsenal, wanda ba ya fashin wasanmu, yana biyan kuɗinsa musamman don ya zo ya yi mana ta'aziyya. Sai ni a gefe. A nan aka yi wa Mai Sanƙo shari'a, zama bayan zama.

Zaman farko mai zafi shi ne 1 ga Satumba, ranar da Liverpool ta zo har Old Trafford ta zuba mana uku ba ko ɗaya. Luis Diaz biyu kafin hutu, duka daga ƙwallon da Casemiro ya zubar, sannan Salah ya ƙara. Da aka dawo ba a dawo da Casemiro ba. Tela ya miƙe a kan benci yana cewa a kore shi yau, kada ya kwana. Baba bai ko waiwaya ba. Sai da ƙura ta lafa ya ce, "Zauna, yaro. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, lig kuwa sai 1993. Da irinku ne masu ƙungiyar, da tuni kun kore shi, da yau ba ku da tarihin da kuke wa mutane gori da shi."

Tela ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba, amma Ferguson ba a ba shi sama da fam miliyan 80 ya sayo Antony ba."

Direba ya saka baki, fuskarsa kamar mai wa'azi: "Ku ji maganar manya. Mu Arteta sau biyu yana ƙarewa na takwas muka yi haƙuri. Ku ƙara masa shekara biyar. Allah ya bar mana Ten Hag." Rabin gidan ya amsa da amin.

A nan zan yaba wa mai gidan. Irin wannan tsokana a wani wurin da ita ake fara dambe. Shi dokarsa ɗaya ce kuma ba ya lanƙwasa ta: ka zolayi ƙungiya, ka zolayi koci, ka zolayi mutum ma in ya ɗauka, amma ka ambaci uwar wani ka fita, kuɗinka kuma ya zama sadaka. Na ga ya fitar da ɗan ƙanwarsa a kan haka. Caca ma ba ya yarda da ita. A farkon Oktoban 2024 da Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, wasu masu gidajen kallo hankalinsu ya tashi, shi ko gezau, don tun farko ya manna takarda a ƙofa, kuma in ya ga ana haɗa kuɗi a kan wasa zai zo ya tsaya a kanku har ku mayar aljihu.

Ranar 29 ga Satumba Tottenham ta zo. Minti uku da farawa mai tsaron bayansu Van de Ven ya ɗauki ƙwallo tun daga gidansu, ya ratsa tsakiyar filinmu kamar mai wucewa ta kasuwar da ta watse, ya miƙa wa Brennan Johnson ya tura a raga. Ba wanda ya tare shi. Wannan gudun ban manta shi ba, zan kuma dawo kansa. Kafin hutu aka ba Bruno Fernandes jan kati, wanda daga baya hukumar ƙwallon Ingila ta soke. Kulusevski ya ƙara, Solanke ya cike uku ana dab da magariba. Ban taɓa ganin 'yan Man U sun damu da sahun farko irin na ranar ba. Ladan bai ko gyara murya ba, benci huɗu sun tashi neman buta.

Tunda na ambaci buta: akwai randa da butoci biyar a gefen gidan, da tabarma biyu, kuma in lokacin sallah ya faɗo a hutun rabin lokaci ana kashe sauti. Wannan ya yi. Bayan gida kuwa gara kada in yi dogon bayani. Ka gama uzurinka a gida kafin ka taho.

Daga nan aka shiga jan ƙafa. Canjaras 3 da 3 da Porto, inda muka fara cin biyu sannan sai da Maguire ya ceto mu a ƙarshe. Canjaras ba ci da Aston Villa. Muka doke Brentford 2 da 1, kotu ta ɗan huta. Sai canjaras da Fenerbahce a Turkiyya, inda aka kori Mourinho daga bakin fili, Baba ya ce ka ga wanda muka kora yana nan da halinsa. A duk tsawon nan hujjar masu kare Mai Sanƙo ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba ce: kofi biyu a kaka biyu. Ya ci Carabao a Fabrairun 2023 a kan Newcastle, ya ƙare na uku a kakarsa ta farko, sannan ranar 25 ga Mayun 2024 ya doke Manchester City 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin FA, da ƙwallayen yara biyu, Garnacho da Mainoo. Na kalli wannan wasan a gidan nan, kuma telan da ke cewa a kore shi shi ne ya cire riga ranar yana zagaya benci. Masu tuhuma su ma nasu lissafin a hannu yake: 7 da nema a Anfield, 4 da nema a gidan Crystal Palace, na ƙarshe a rukunin Zakarun Turai, sannan na takwas a Firimiya da maki 60, an doke mu sau 14, ƙwallayen da aka zura mana sun fi waɗanda muka ci. Kowane ɓangare gaskiya yake faɗa, shi ya sa musun ba ya mutuwa.

Sai Lahadi 27 ga Oktoba, wadda saboda ita na zauna rubutun nan.

A makon Arewa tana cikin duhu. An lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, muka haura mako ba ko ƙyalli. Litar fetur ta wuce naira 1,000. Ruwan leda mai sanyi ya zama abin nema da tsiya, mai zoɓon ƙofar gidan da ɗumi take sayarwa. Daren Asabar an yi El Clasico, Barcelona ta je Madrid ta ci 4 da nema, gidan ya cika har waje, inji ya yi ta aiki tun rana har bayan goma na dare. Mai gidan bai ƙara kuɗi ba duk da tsadar mai, wannan na rubuta masa a gefen alheri. Amma injin bai huta ba, kuma man da aka zuba masa da safe na 'yan bumburutu ne.

Ƙarfe uku aka take wasa da West Ham a Landan. A ɗaya talabijin ɗin Chelsea ce da Newcastle, kuma su ke da sauti. Mu muna kallon kurame. Abin mamaki, rabin farkon nan shi ne mafi kyawun ƙwallon da na ga Man U ta buga a kakar. Garnacho ya daki turken sama. Bruno ya sa kai ta haye. Sai aka jefo wa Dalot wata doguwa, ya ɗaga ta ta saman gola Fabianski, ya rage daga shi sai raga a buɗe, ba kowa, ko kaza babu. Gidan gaba ɗaya ya miƙe, har 'yan Chelsea sun juyo. Ya ɗaga ƙafa ya aika ta sama. Ban taɓa jin shirun mutum ɗari irin wannan ba. Baba ya cire hularsa ya duba cikinta kamar amsar tana ciki, ya mayar. Sannan ya juya ga tela a hankali ya ce, "To, malam, wannan ma Mai Sanƙo ne ya buga?" Tela ya buɗe baki ya rufe.

Muka fita la'asar ba ci. Muka dawo, West Ham ta canza 'yan wasa uku ta farfaɗo, Summerville ya ci mu a minti na 74. Casemiro ya farke da kai a na 81. Na ce to, ko maki ɗaya ne a tafi da shi. Ana cikin mintunan ƙarshe De Ligt da Danny Ings suka yi karo a cikin da'ira, alƙali ya ce a ci gaba, wasa ya ci gaba. Can sai aka kira shi ya zo ya duba na'urar VAR. Yana tafiya zuwa bakin fili, hannunsa a kunne, injinmu ya yi tari sau biyu ya mutu.

Duhu, zafi, ihu. Kowa ya haska waya. Yaron da ke kula da inji, bai fi shekara 16 ba, yana ta jan igiya, gumi har cikin idonsa, mai gidan yana tsaye a kansa yana zazzaga masa faɗa. Muna cikin haka muka ji ihu daga bayan katanga, irin ihun da 'yan adawa kaɗai ke yi. Direba ya ce, "Inna lillahi, an ba da fenareti," yana dariya ƙasa-ƙasa. Bayan ɗan lokaci wani ihun ya biyo. Da injin ya tashi abin da muka tarar shi ne Jarrod Bowen yana murna, allo yana nuna 2 da 1. Naira 300 na biya, amma ƙwallon da ta kori kocina a kunne na kalle ta.

Washegari Litinin wajen azahar ina kan wata waya da sikirin ɗinta ya fashe, saƙo ya shigo: an sallami Ten Hag. Wasa tara a Firimiya, an ci uku, canjaras biyu, an sha kashi huɗu, maki 11, ƙwallo takwas kacal, matsayi na 14. Daga baya shugaban alƙalan wasan Ingila, Howard Webb, ya fito ya amsa cewa bai kamata a ba da fenaretin nan ba.

To ga nawa hukuncin, tunda ni ma ɗan kotu ne, kuma ranar ban samu bakin magana ba.

A sana'ata akwai wayar da za a kawo maka ta riga ta zaga hannu biyar. Wannan ya canza batir, wancan ya canza sikirin, wani ya wanke ta da sinadari, kowa ta yi masa aiki wata biyu ta sake mutuwa. In irin wannan ta zo, ba na zagin waɗanda suka riga ni, injin nake buɗewa, don galibi ruwa ta sha tun da daɗewa. Man U tun da Ferguson ya tafi a 2013 haka take. Moyes bai cika kaka ba. Van Gaal ya ci Kofin FA a 2016 aka kore shi bayan kwana biyu. Mourinho ya kawo Europa da na biyu a lig, aka kore shi a Disamban 2018. Solskjaer ya tafi a Nuwamban 2021 bayan Watford ta yi mana 4 da 1. Mutum biyar, har da Ten Hag, masu hali daban-daban ba za su zo su gaza iri ɗaya ba sai in akwai abin da ke cin ƙungiyar daga sama. Wannan ɓangaren Baba ya fi tela gaskiya.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai kuma mai gyaran da zai ce wa mai waya kayan da ke ciki ba su da kyau, a ba shi kuɗi ya sayo waɗanda ya sani. Aka ba shi. Ya sayo da hannunsa, ya ɗaura da hannunsa, waya ba ta tashi ba. Wannan ba shi da bakin cewa laifin na baya ne. Martinez, Antony, Onana, De Ligt, Mazraoui, dukkansu yaransa ne da suka yi masa wasa a Ajax. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ƙungiyar tasa ce, ba gado ba ce. Kuma abin da ya fi damuna ba sakamako ba ne, don sakamako yana ƙarya, ranar West Ham ma ya yi. Ramin nan ne na tsakiyar fili. 'Yan gaba su ruga sama, 'yan baya su ja ƙasa, a bar mutum ɗaya a tsakiya yana gadin fili kamar gonar gandu. Abin da Van de Ven ya bi ya wuce ke nan, kuma ba ranar aka fara ba: a Afrilun 2024 Coventry, ƙungiyar da ba ta ma Firimiya, ta farke mana uku a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, da ƙyar muka tsira a bugun fenareti. In ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga wannan nasa ne. In ramin da aka gani a bara yana nan bana a wuri ɗaya, wannan na koci ne.

Don haka ni a wurina ya cancanci tafiya, amma ba ranar da aka kore shi ba. A ƙarshen kakar 2023 zuwa 2024 ya kamata a yi masa godiya, a ba shi kofinsa ya riƙe a hoto, a rabu da mutunci. Sababbin masu kula da harkar ƙwallon ƙungiyar, su Jim Ratcliffe, sun ga lissafin wasa 38, amma yammaci ɗaya a Wembley, na wasan ƙarshen Kofin FA, ya canza musu ra'ayi. Suka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026, suka sayo masa mutum biyar, suka sayar da McTominay wanda ya je Napoli ya ɗaga kofin lig ɗin Italiya. Bayan wata huɗu wani yammacin a Landan, wanda ya fi kowanne rashin laifi a cikinsa, ya sa suka kore shi, suka biya shi da mataimakansa sama da fam miliyan 10. Wato abin da tela yake yi a kan benci da naira 300, shi su ma suke yi a ofis da miliyoyi. Da na faɗi haka a zaman gaba, Baba ya ce kada mu cika baki a kan Turawa, mu da Finidi George ya yi wa Super Eagles wasa biyu bayan an tabbatar masa da aiki, canjaras da Afirka ta Kudu da kashi a hannun Benin, sai ga shi ya ajiye.

Laraba muka dawo kallon wasan farko na riƙon ƙwaryar Van Nistelrooy, muka ci Leicester 5 da 2, tela yana cewa kun gani, kun gani. A bakin inji kuma sabon yaro ne. Na tambayi mai gidan ina wancan, ya ce ya sallame shi, ba ya mai da hankali. Na ce, "Alhaji, injin nan fa tun zuwana yake, ko baƙin mai an canza masa kuwa?" Ya ce za a duba. Direba yana gefe ya ce, "Alhaji ya kori koci, ya bar masu ƙungiya." Har mai gidan sai da ya yi dariya. Zuwa ƙarshen kaka yara uku suka riƙe igiyar nan, kuma a gabana ya mutu sau shida. Wannan shi ne babban aibin gidan, kuma na mai shi ne. Na biyu shi ne ƙofa. Ɗaya ce tak, ƙarama, labulenta tamfol, injin da jarkar mai kuma suna dab da ita. Mutum sama da ɗari a ciki. Allah ya kiyaye, amma ya kamata a fasa wata ta baya tun kafin a yi da-na-sani. Na uku, da dare ana barin yara ƙanana har bayan goma, alhali gobe da makaranta. Masu kayan makaranta kawai yake kora.

Sauran labarin kowa ya sani. Ruben Amorim ya zo daga Sporting ta Fotugal a Nuwamba, muka ƙare na 15 da maki 42. Tela ya daina hawa benci. Wani lokacin in aka ci mu sai ka ji wata murya daga baya ta ce a dawo da Mai Sanƙo, ba ka sanin da gaske ne ko tsokana.

Dare ɗaya ne ya sa har yau ban canza gida ba. Ranar 17 ga Afrilun 2025, wasan Lyon a Europa. Muna gaba da biyu suka farke, aka shiga ƙarin lokaci, suka ƙara biyu duk da an ba ɗan wasansu jan kati. Mutane suka fara fita. Yaron inji ya zo ya raɗa wa mai gidan cewa mai ya kusa ƙarewa. A lissafin kasuwa ba wanda zai zarge shi in ya bari ya mutu, don saura ba mu kai talatin ba kuma wasa ya riga ya lalace. Sai na ga ya fita, ya kwantar da babur ɗinsa, ya zare tiyo ya tsiyaye man tankinsa a gora, ya kawo aka ɗura. Da man babur ɗin nan muka ga fenaretin Bruno, muka ga Mainoo ya farke, muka ga Maguire ya sa kai ta biyar. Waɗanda suka fita suka dawo a guje ba takalmi, ba wanda ya tambaye su kwali. Mai gidan, wanda ɗan Barcelona ne, a ƙafa ya tura babur ɗinsa gida. Wata guda bayan haka a benci ɗaya na zauna na ga Brennan Johnson ɗin nan dai ya ci mu a wasan ƙarshe a Bilbao, kuma ranar injin bai ko yi tari ba, ya bar mu muka sha takaicinmu cikakke.

Don haka abokina, in za ka zo, ka zo minti 20 kafin babban wasa. Ka nemi benci na uku ta dama, ƙarƙashin fankar da ke aiki, nesa da katangar maƙwabta. Ka taho da canji, don yaron ƙofa ba ya taɓa samun canjin 1,000. Gyaɗar ƙofa tana da kyau, awarar mai ta yi mata yawa. Benci biyun gaba ta hagu kuma kada ka zauna sai an kira ka, in kuma Baba ya tambaye ka ra'ayinka a kan koci, ka fara tambayarsa nasa.